Jaririn Da Ba Ya Barin Uwarsa Ta Runtsa

Duk gidan da aka yi sabuwar haihuwa, idan aka sha suna, 'yan barka suka watse, aka mayar wa maƙwabta tabarmin aro, to, a sa'an nan ne mai jego take fara sanin tsawon dare. Za ta ba jariri nono bayan sallar lisha ya yi barci, amma kafin ta gyara shimfiɗa ta kai haƙarƙarinta ƙasa ya motsa. Ta sake ba shi ya yi shiru, can wajen ƙarfe 12 ya tsala kuka, haka ƙarfe 2, haka ƙarfe 4, har ladan ya kira assalatu idonta biyu. Gari na wayewa kuwa sai masu ba da shawara su yi mata caa. Wannan ta ce nono ne ba ya isarsa, waccan ta ce ƙishirwa ce, a ɗura masa ruwa. Wata ta ce beli ne, a kirawo wanzami, wata kuma ta yi ƙasa da murya ta ce ai wannan kuka ba na lafiya ba ne, a nemo hayaƙi.

Idan haihuwar fari ce, yarinya kuma ta je wankan gida, da sauƙi, domin akwai uwa ko kaka da za ta karɓe ta. Amma akwai matan aure da yawa a Agege da Idi-Araba cikin Ikko, da Sabo ta Badun, da sauran zangon Hausawa, waɗanda suke jego a ɗaki ɗaya, daga su sai miji, bango ɗaya da maƙwabcin da zai yi sammakon fita aiki. Irin waɗannan mata, gajiya da kunyar maƙwabta su ne kan tura su ga karɓar duk abin da aka ce yana sa jariri barci. To, a nan haɗarin yake. Farkawar dare ita kanta ba cuta ba ce, abin da akan ɗura wa jariri don a hana shi farkawa shi ne ya sha yin ɓarna.

ABIN DA KE TASHINSA

A ranar da aka haifi jariri, tumbinsa ba ya ɗaukar abin da ya wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda, watau mililita 5 zuwa 7. Bayan mako guda yakan ɗauki kamar cokali 9 zuwa 12. Nonon uwa kuma ba ya daɗewa a ciki, galibi kafin awa 2 ya narke ya wuce. Ga shi kuma wannan ɗan tumbi ne zai ciyar da jikin da ke girma da saurin da ba zai sake yin irinsa ba har ƙarshen rayuwa, domin yawancin jarirai sukan ninka nauyinsu na haihuwa wajen wata 5. Saboda haka lafiyayyen jariri yakan nemi nono sau 8 zuwa 12 a yini da kwana. Wanda ya raba awa 24 da wannan adadi zai ga cewa tsakanin sha da sha bai wuce awa 2 zuwa 3 ba, kuma lissafin bai san dare ba.

Barcinsa ma dabam yake da na babba. Jariri yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a yini da kwana, sai dai gutsi-gutsi yake yinsa. A cikin mahaifa babu dare babu rana, jikinsa kuma ba ya fara bambanta su sosai sai ya kai wata 2 zuwa 3. Har ila yau kusan rabin barcinsa sama-sama ne. A irin wannan barci akan ga ƙwayar idonsa tana yawo a ƙarƙashin fata, yana yamutsa fuska, yana murmushi, yana ɗan gurnani, har ma ya yi kukan da bai wuce numfashi biyu ba. Uwa da yawa sukan ɗauka ya farka ne, su yi wuf su sure shi, su tashe shi da hannunsu alhali da an ba shi minti ɗaya da ya zarce. Haka kuma idan ya yi barci a kan nono, kada a yi garajen kwantar da shi. A jira kamar minti 20, har hannunsa ya saki, in an ɗaga shi ya faɗi lagwab, sa'an nan a ajiye shi a hankali.

Shan daren nan yana da amfani ga uwa ita ma. Sinadarin da ke sa jikin mace ya samar da nono ya fi yawa a jininta da dare, nono kuwa tamkar rijiya yake, yawan ɗiba ne ke kawo shi. Macen da ta daina ba da nonon dare da wuri, ita ce kan wayi gari tana cewa nononta ya ragu. Kuma shayarwa dare da rana, ba tare da haɗawa da kome ba, tana kare mace daga kwanika da kashi 98 cikin 100, muddin jariri bai cika wata 6 ba, al'adarta kuma ba ta dawo ba. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, kariyar ta faɗi.

«NONONKI BA YA ISARSA»

Babu maganar da ta fi wannan karya zuciyar mai jego, kuma galibi ba gaskiya ba ce. Ba a auna isar nono da yawan kuka, ba a auna ta da taushin mama. Awon yana ga abin da ke fita daga jikin jariri. Daga kwana 5 da haihuwa, jaririn da ke ƙoshi zai jiƙa ƙunzugu sau 6 ko fiye a yini da kwana, fitsarin fari tas ba ja ba, baƙin kashin nan na farko kuma ya juye ya zama rawaya mai ruwa-ruwa. Kusan kowane jariri yakan rage nauyi a kwanakin farko, amma ya kamata ya mayar da shi kafin ya cika mako 2. Wannan ne amfanin kai shi awo asibiti: ma'auni ba ya son kai, yakan kashe gardamar da ta gagari suruka da matar ɗanta.

Idan kuwa da gaske ba ya ƙoshi, sau da yawa laifin yana ga yadda ya kama maman. Jaririn da ya tsuke baki a kan ɗan kan nono kaɗai, zai yi ta tsotso ba ya samun abin kirki, ya gaji ya yi barci da yunwa, ya farka bayan rabin awa, uwa kuma kan nononta ya tsattsage. Kamun da ya yi daidai shi ne ya wage baki sosai, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa tana taɓa maman, cikinsa yana manne da cikin uwa, kansa da jikinsa a miƙe ba a murɗe ba. In ya kama haka za a ji yana haɗiya, uwa kuma ba za ta ji zafi ba. A bar shi ya gama da ɓangare ɗaya don kansa kafin a juya shi, domin nonon da ke fitowa daga ƙarshe ya fi maiƙo, shi ne kuma ke riƙe ciki.

Kuka shi ne ƙarshen roƙonsa, ba farkonsa ba. Tun kafin ya yi kuka zai yi ta juya kai yana lalube, yana motsa baki, yana kai hannu baka. Wanda aka ba shi a lokacin zai sha cikin natsuwa ya koma barci. Wanda aka bari sai da ya shiɗe don kuka, zai haɗiyi iska, ya ƙi kamawa, a koma rarrashi kafin shayarwa. A nan ne wata kyakkyawar al'ada takan yi ɓarna ba da nufi ba, watau kunyar ɗan fari. Yarinya tana ganin ɗanta yana lalube, amma surukai sun cika ɗaki, sai ta kau da kai, tana jiran wata babba ta ce, «Ke 'yar nan, ɗauke shi mana ki ba shi.» Kara abu ne mai kyau, amma jaririn kwana 10 bai san da ita ba. Manyan mata masu hankali sukan gane, su miƙa mata shi tun bai buɗe baki ba, ko su ba ta wuri.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi kowace wuyar shiga kunne, musamman a watannin bazara. Nonon uwa kansa fiye da kashi 85 cikin 100 ruwa ne, yana kuwa kashe wa jariri ƙishirwa kome zafin gari. Ruwan da aka ɗura masa yakan cika ɗan tumbin nan da abin da ba abinci ba, ya rage tsotso, nono ya ragu, ga kuma hanyar da aka buɗe wa gudawa. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan nono zalla har wata 6, sa'an nan a fara haɗawa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Amma binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2013 ya nuna jarirai 17 ne kawai cikin 100 'yan ƙasa da wata 6 suke samun nono zalla, na 2018 kuma ya nuna 29. Haka nan dakashi, nonon farko mai kauri mai launin rawaya da waɗansu ke matsewa su zubar wai ba shi da kyau, shi ne ya fi kowane nono ƙunsar abubuwan kariya daga cuta, kuma ɗan kaɗan ɗin da yake fitowa daidai yake da tumbin da zai karɓe shi.

Inda larura ta sa likita ya ce a ba da madarar gwangwani, kamar rasuwar uwa ko tsananin ciwonta, sai a tafasa ruwa, a dama da shi tun yana da zafi sosai, a bi awon da ke jikin gwangwani ba tare da tsinkawa don ta yi auki ba, a huce kafin a ba shi, abin da ya rage kuma a zubar. Ƙaramin kofi ya fi bulumboti sauƙin wankewa.

KUKAN MAGARIBA

Akwai kukan da ba na yunwa ba ne. Yakan fara wajen mako 2 da haihuwa, ya fi zuwa daga la'asar sakaliya zuwa bayan lisha, jariri ya naɗe ƙafafu, fuska ta yi jawur, a ba shi nono ya kama ya saki. Lokacin da yake zuwa ne ya sa akan danganta shi da iska. Likitoci sun daɗe da saninsa a ko'ina cikin duniya. A 1954 wani likitan yara na Amurka, Morris Wessel, ya ba shi ma'auni: kukan da ya wuce awa 3 a rana, kwana 3 a mako, har mako 3, ga jaririn da ke lafiya yana kuma ƙara nauyi. A 1962 wani likitan, T. Berry Brazelton, ya nuna cewa kukan jarirai yana hawa har ya kai ƙololuwa wajen mako 6, sa'an nan ya fara sauka. Zuwa wata 3 ko 4 yawanci ya wuce kamar ba a yi ba, ko an yi magani ko ba a yi ba, kuma shi ya sa duk maganin da aka ba da daga ƙarshe yakan sami yabon da bai yi aikinsa ba.

Abin da ya fi taimako a nan tsohon abu ne a ƙasar Hausa, watau goyo. A 1986 likitoci biyu a birnin Montreal na Kanada, Hunziker da Barr, suka sa waɗansu iyaye mata su ƙara yawan ɗaukar jariransu a jiki kullum, waɗansu kuma su ci gaba yadda suka saba. Da jariran suka kai mako 6, waɗanda aka ƙara wa ɗauka kukansu ya gaza na sauran da kashi 43 cikin 100. Abin da Turawa suka tabbatar da alƙalami ke nan, wanda kowace kaka ta sani da zani da majanyi. Jaririn da ya yi wata 9 a matse, cikin ɗumi da motsi da ƙarar bugun zuciya, ba abin da ya fi ba shi tsoro kamar a shimfiɗe shi shi kaɗai a wuri mai faɗi, shiru. Don haka a manna shi a ƙirji fata da fata, ko a goya shi tare da tallafe wuyansa, fuskarsa a buɗe, a riƙa zagaya tsakar gida a hankali ana yi masa waƙa ƙasa-ƙasa. Bayan kowace shayarwa a ɗora shi a kafaɗa a shafa bayansa ko zai yi gyatsa. Tumbiɗi kaɗan ba kome ba ne. A kuma duba abubuwan da akan manta don ƙanƙantarsu: jiƙaƙƙen ƙunzugu, cizon sauro, da yawan kaya, domin jarirai da yawa kukan zafi suke yi a cikin hula da safa da rigar sanyi da tawul, ana tsakiyar watan Afrilu. A taɓa ƙeyarsa, in da gumi a rage. Da dare a rage haske da surutu, a ba shi nono ba tare da wasa ba, da rana kuma a bar shi cikin haske da hayaniyar gida. Ta haka yake koyon bambanta su.

GARIN NEMAN GIRA

Zuma, duk da albarkar da ke ciki, ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, domin akan sami ƙwayar cutar da hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, ta kuwa kan shanye jiki har numfashi. Jiƙe-jiƙen saiwoyi ba wanda ya san ƙarfinsu a hanta da ƙodar ɗan kwana 20. Cire beli ba ya ƙara wa jariri shan nono, sai ma ya bar masa rauni a maƙogwaro ya kasa haɗiya, ban da zubar jini da cutar da aska kan ɗauko. Maganin mura na kwalba da waɗansu ke saya a kyamis don yana sa barci, jaririn da ya sha shi ba barcin ƙoshi yake yi ba, an dai danne shi ne, kuma yana iya danne numfashinsa. Iyaye da yawa ba su manta da abin da ya faru a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 ba, sa'ad da maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da wani sinadari mai guba irin na man birki, ya lalata ƙodar yara, aƙalla 84 suka rasu a Nijeriya. Iyayen nan ba abin da suka nema illa 'ya'yansu su yi shiru su sami sauƙi.

Kuma kome tsananin kuka, ba a girgiza jariri da ƙarfi. Wuyansa bai yi ƙwari ba, kansa ya yi wa jikinsa nauyi, girgizar fushi ta 'yan daƙiƙoƙi tana iya tsinka jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, ta bar makanta ko mutuwa. Wanda ya ji zuciyarsa ta kawo wuya, uwa ce ko uba, ya ajiye jaririn a wuri amintacce, ya fita ƙofar ɗaki ya sha iska na 'yan mintoci, ko ya miƙa wa wani.

Wajen kwanciya, rigingine ake kwantar da jariri, ba rub-da-ciki ba, ko da yake ya fi daɗewa yana barci a kife. A Amurka, bayan da likitocin yara suka ba da wannan shawara a 1992, aka kuma shiga yekuwa a kanta a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Shimfiɗa ta zama mai tauri, ba matashi, ba tarin zannuwa kusa da fuskarsa, a cikin gidan sauro, a ɗakin da uwa take. Inda suke kwana shimfiɗa ɗaya, kamar yadda yake a yawancin gidaje, kada a sa shi tsakanin manya ko kusa da yayyensa, kada uwa ta kwana da shi a kan kujera, ko bayan ta sha maganin da ke sa barci. Garwashin da akan shigar ɗakin mai jego a rufe ƙofa, da hayaƙin taba, da na maganin sauro, duk huhun jariri ba ya ɗaukarsu.

Abin mamaki, jaririn da ya fi cancantar a damu da shi ba mai yawan tashi ba ne, wanda ba ya tashi ne. A makonnin farko, har ya mayar da nauyinsa, idan ya wuce awa 3 zuwa 4 bai nemi nono ba, a tashe shi a ba shi, balle in bakwaini ne ko ƙarami. In kuwa ya ƙi kama nono sam, ko jikinsa ya saki, ko ya yi zafi har digiri 38, ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko haƙarƙarinsa yana shiga ciki, ko yana jijjiga, ko shawara ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ko maɗiga ta faɗa ko ta kumbura, ko amansa ya fito kore, to, ba a jira gari ya waye, ba a jira ranar awo. Ciwon jariri awa yake ƙirgawa.

MAI JEGO ITA MA

Kunun kanwa da akan dura wa mai jego wai don nono ya zo, ba shi ke kawo nono ba. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a wannan yanki da yawan shan kanwa da tsananin zafin wanka da gashi. Abin da take bukata shi ne abinci isasshe, da ruwa duk sa'ad da ta ji ƙishi, da barci. Barcin nan kuwa ba zai samu da dare ba, sai an ƙwato mata shi da rana, watau wani ya ɗauke mata girki da wanki da hirar baƙi, ta kwanta sa'ad da jariri ya kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da larurar damuwa bayan haihuwa. Wadda ta wuce mako 2 tana kuka ba dalili, ba ta son abinci, ba ta iya barci ko an karɓi yaron, ko tana jin ba ta ƙaunarsa, ba rashin godiya ke damunta ba, ciwo ne mai magani, a kai ta asibiti.

A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan matansu sun haihu. Mafi yawan magidanta ba ma'aikatan gwamnati ba ne, amma ko ɗan kasuwa ne ko direba, idan uwa ta gama shayarwar ƙarfe 2, babu abin da zai hana shi karɓar yaron ya ɗora a kafaɗa, ya zaga da shi har ya yi gyatsa, ita kuma ta sami awa guda kafin ta ƙarfe 4.